Ranar da Na Yanke Furen Albasar 'Yata

Assalamu alaikum matan zaure. Masu turo mini saƙo kuna tambayar yaya muka ƙare da baƙin Bawku, to ga ni. Shirun da na yi ba na jin daɗi ba ne.

Wadda ta shigo sabuwa, sunana Azara. Ni ce mai waakye ta bakin tashar Salaga, wake da shinkafar nan da direbobi ke yi wa layi tun rana ba ta fito ba. Mijina ya rasu shekara tara ke nan, Allah ya ji ƙansa, ya bar ni a gidan gadonsu da 'ya'ya uku. Maza biyu suna Kumasi. Babbar ita ce Raihanatu. Rubutawa na yi, da baki ban taɓa faɗin sunan ba. 'Yar fari ce, mu kuma tun kakanninmu fataken goro ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a yaba shi ido da ido. "Ke" nake ce mata. Shekara ashirin da shida tana amsa "ke".

Ta yi karatun aikin asibiti a Yendi, ta gama, ta dawo tana jiran a tura ta aiki. Zaman jiran ne ya sa ta kama filin nan na gefen ɗakina, inda da muke shanya. Ta share, ta zuba takin awaki, ta kewaye da tsohon gidan sauro. Na ce a raina madalla, an huta da sayen kayan miya. Ashe ita ba miya ce a gabanta ba.

Yarinyar nan da launi take shuka. Kuɓewa a baya saboda tsawonta, gauta a gaba, yakuwa a jere ta gefen rijiya, kabewa kuma ta ɗaure mata igiya ta hau bangon banɗaki. Alayyafo da ya kamata a tsinke shi yana ɗanye sai ta bar shi ya yi tsawo, ya fitar da jan kai kamar gezar carbi.

"Ke, alayyafon nan ya tsufa, ba ya ciyuwa."

"Mma, ai ba na ci ba ne wannan."

"Na mene ne?"

"Na kallo."

"Kallo! Allah ya kyauta."

Haka nake cewa in wuce. Amma tunda na zo faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka. Ranar Juma'a ba na fita sana'a. In na idar da sallar asuba na gama lazimi, gari ya yi haske, nakan tsaya ta tagar ɗakina in leƙa. Furen kabewa ne ke fara buɗewa, manya-manya, ruwan ɗorawa, bangon nan mai datti sai ka ce an yi masa kwalliyar sallah. Rana na ɗagowa kuɓewa ta bi, furenta fari-fari mai ruwan ƙwai, tsakiyarsa ja wur kamar an ɗiga zobo. Shekarata arba'in da huɗu, tun ina yarinya nake yanka kuɓewa, wallahi ban taɓa tsayawa na ga furenta ba sai a wurin yarinyar nan. Kafin la'asar ya naɗe ya faɗi, gobe wani ya buɗe. Nakan ce Subhanallah a hankali. Da na ji motsinta sai in saki labule in kama shara. Ko sau ɗaya ban ce mata ya yi kyau ba.

To, sai Zulkarnain. Malamin gona ne a Yendi, asalinsa Bawku, can suka haɗu lokacin tana karatu. Dogo ne, ba ya da hayaniya, in ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Zuwansa na uku, bayan damina ta ɗauke, ya zo a babur da farar riga da baƙar hula, ya sauke wani ɗan kwando. Na leƙa bayan ya tafi. Albasa ce ja, guda goma sha biyu, kowace an naɗe ta da takardar jarida kamar ƙwai.

Na yi tsaki. Mutumin Bawku, garin da ake loda albasa a tirela, ya zo zance da albasa sha biyu? Har na faɗa wa Alhaji Hudu, yayan mijina, wanda shi ne babban gidan, shi ne kuma zai ba da aurenta. Ya yi dariya har da tari.

"Kin ga irin mazan da boko ke kawowa ko? Ni doya nake sayarwa, amma ko mai gadi ba na ba shi ƙasa da ƙwarya."

Ita kuwa ba ta kai albasar kicin ba. Ta gyara wuri a tsakiyar lambun ta binne su a da'ira. Kullum safe da yamma tana jan ruwa a rijiya, ruwan wankin shinkafata ma ba ta bari a zubar. Na gani. Ban tambaya ba. Kayan saurayi ne, uwa ba ta sa baki, balle uwar 'yar fari.

Wata uku da wani abu, sai albasar ta fitar da dogayen kara, kowane da ƙulli a kai. Ƙullin ya fashe, ya zama farin dunƙule kamar ƙwallon auduga, ƙananan furanni cunkus. Sun kai mini ƙugu. Ƙudan zuma tun safe suna kai. In iska ta kaɗa sai su riƙa rausaya tare kamar 'yan mata a layin biki. Raihanatu ta durƙusa ta ɗauki hoto ta nan, ta ɗauka ta can, ta shige ɗaki tana murmushi da waya.

Ana haka saƙo ya zo, manyan Zulkarnain za su zo gaisuwa ranar Asabar. Babansa ya rasu, uwarsa ma haka. Gwaggonsa, Hajiya Zenabu, ita ce mai magana a gidan, ita za ta jagoranci tafiyar.

Juma'a da hantsi yarinyar ta tafi kitso, daga can za ta wuce maƙwabta a sa mata lalle. Sai ga Alhaji Hudu da motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, cike da kujerun roba da ƙarafunan kanofi. Ya tsaya a bakin lambun ya riƙe ƙugu.

"Azara, a nan za a kafa rumfar maza. A cire wannan dajin."

"Yaya Alhaji, na yarinyar nan ne fa."

"Na sani. Shi ya sa har yau take gida. Sa'o'inta suna goyo ita tana goyon ganye. Manema biyu suka zo suka tafi, kin manta? Dubi nan." Ya nuna albasar da sandarsa. "Mutanen da za su zo, albasa ce sana'arsu tun kaka da kakanni. Albasar da ta yi fure ta lalace, cikinta ya zama rami, wannan ko ke kin sani. Su zo su ga 'yarmu ta bar kyautar ɗansu ta lalace a ƙasa? Su ce ƙazama ce, ba ta san tattali ba? Ki cire mana kunya kafin gobe."

'Yan uwa, ba zan ɗora masa duka ba. Maganarsa ta shige ni, don ni ma haka na sani. A kasuwa in na ga albasa mai kara ba na saya, ko an rage mini. Na ce a raina, gata zan yi mata. Waya tana hannuna. Kira ɗaya ne, in ce ke, Babanki ya ce kaza. Ban kira ba. Na ɗaura zani, na ɗauko wuƙar da nake yanka nama.

Ni mai sauri ce a aiki, kowa ya sani. Ban yi minti arba'in ba. Na fara da alayyafo, na tuge kuɓewa, na janyo kabewa daga bango da furanninta a buɗe. Albasar na bari ƙarshe. Na kama kara na farko, ƙudan zuma suka tashi, wani abu ya ce mini Azara bari. Na ce a'uzubillahi, na yanka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kawunan na watsa wa ragunan Alhaji, suka cinye. Gindin na tone, ɗan abin da ya rage mai kyau na yanka na zuba a tukunyar shito, soyayyen yajin waakye da nake haɗa wa baƙi, kada a yi asara. Kafin a kira sallar Juma'a an daddaɓe ƙasa, an kafa kanofi ja da fari, an jera kujeru. Alhaji ya ce, "Yauwa, yanzu gida ya zama gida."

Da la'asar ta shigo. Kitso shuku, hannuwa a miƙe gaba don lallen bai bushe ba, waya a maƙale a hammata. Ta zo tsakar gida ta tsaya. Ta kalli kanofin. Ta kalli bangon banɗaki. Ta zagaya bayan kujerun ta dawo.

"Mma, albasar fa?"

"Tana tukunya. Ta riga ta lalace, ta yi fure. Babanki ya ce..."

"Kawunan fa?"

"Raguna."

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da na samu abin faɗa. Ta zauna a bakin baranda kawai. Wayar ta zame ta faɗi kan tabarma, ta yi ƙara, saƙon murya ne ya shigo. Da lalle a hannu ba ta iya ɗauka ta kara a kunne, sai ta danna da gwiwar hannu, muryar Zulkarnain ta fito kowa na ji. Ina tsaye da ludayi na ji shi.

"Raihana, mun iso Yendi, Gwaggo ta sauka a gidan ƙanwarta. Tun a hanya take kallon hotunan, har kuka ta yi. Ta ce rabonta da ganin albasar Baba ta yi fure tun yana da rai. Kin san ruwan bara ya cinye gonar da rumbun irin duka, sha biyun nan su ne suka rage a ɗakinta. A gidanmu duk matar da za a auro ita ake ba uwar albasa ta yi rainonta, ta shigo da irin a cikin kayanta. Gwaggo ta ce da ta sauka gobe, kafin ta sha ruwa, wurinsu za ta fara. Saura sati uku su yi baƙin iri. Ki ci gaba da ba su ruwa, kin ji? Allah ya bar mu tare."

Na ajiye ludayin.

Iri. Ashe don iri ake barin ta ta yi fure. Ni da Alhaji, masu saye da sayarwa, abin da ake ci kawai muka sani.

"Ke... me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ɗago ta kalle ni. Ba ta saba kallona a ido ba.

"Mma, wata huɗu kina wucewa ta gabansu. Sau ɗaya kin taɓa cewa mene ne wannan?"

"Ai ke ya kamata ki..."

"Ta ina zan fara? In na zauna kusa da ke tashi kike yi."

Ta miƙe ta je bakin rijiya ta wanke lallen tun bai kama ba. Ta shige ɗaki.

Na je wurin Alhaji na faɗa masa. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "To an yi, an gama. Albasa ce fa, ba mutum aka yanka ba. In sun tambaya a ce awaki ne. Kada ki kuskura ki buɗe baki ki ce ke ce. Uwar amarya ba ta ba da haƙuri a gaban surukai tun ba a ɗaura ba, raina mu za su yi har abada."

Asabar bayan azahar suka iso. Mota ɗaya, maza biyu dattawa da Hajiya Zenabu da ƙanwarta. Zulkarnain ya sauke su ya wuce masallaci ya jira, kamar yadda aka saba. Sun zo da ƙunshin goro babba, a ganyensa, an ɗaure da igiya. Hajiya Zenabu gajera ce, baƙa, ta sa atamfa ruwan ganye da farin mayafi mai duwatsu, zoben azurfa a yatsa, tafin hannunta kaushi irin na wadda ta yi noma da gaske. Ni na sa leshina na bikin ƙanwata. Raihanatu ta fito cikin doguwar riga ruwan toka da hijabi har ƙasa, ba hoda, ba kwalli, hannuwanta da ɗan jirwayen lalle kamar ƙuna.

Maza suka zauna a ƙarƙashin kanofi. Na shimfiɗa wa mata darduma a baranda, na kawo ruwa. Hajiya ba ta taɓa kofin ba. Ta kamo hannun yarinyar tana dariya.

"Amaryarmu! Ke ce mai hannun albarka? Tashi ki kai ni in gaida albasar yayana. Tun daga Bawku ita nake mafarki."

Raihanatu ta tashi. Ta yi gaba, Hajiya na bin ta, ƙanwarta na bi, ni ma ƙafafuna suka ja ni. Ta tsaya a bakin kanofin, gaban mazan.

"Ina ne?" in ji Hajiya.

"Nan ne, Gwaggo."

Hajiya ta duba hagu, ta duba dama. Ta kalli ƙasa. Ta ce wa ɗaya dattijon, "Malam Mikaila, ɗaga kujerarka." Ya ɗaga. Ta durƙusa da atamfarta, ta sa yatsa ta tona, ta zaro guntun kara ɗaya da na bari. Ta shinshina. Ta daɗe tana kallon bakin yankan. Sannan ta tona gaba kaɗan ta samo wani, ta haɗa su biyu a tafinta.

"Wa ya yi wannan?"

Alhaji ya gyara murya. "Hajiya, ai awakin unguwa ne, kin san..."

"Alhaji, akuya ba ta riƙe wuƙa."

Na ce a raina Azara yi magana. Na kalli Alhaji, ya zare mini ido. Sai na ji muryar 'yata.

"Ni ce, Gwaggo."

"Ke?"

"Ni ce. Na gaji da jan ruwa. Ban ɗauka abin ya kai haka ba. Ki yi haƙuri."

Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ba ta kalli yarinyar ba. Ni ta kalla.

"Maman Raihana, yanzu zan sha ruwan nan."

Na kawo mata da hannu biyu. A tsaye ta ƙi sha, sai da aka ba ta kujera. Ta yi bismillah, ta kurɓa, ta tsaya. Ta sake kurɓa, ta tsaya. Idonta a kaina. Ruwan kofi ɗaya, na rantse ta fi minti biyar tana sha. Ni kuwa ina tsaye da faranti a hannu, cikin leshina, ina kallon 'yata ta sunkuyar da kai a gaban maza tana ɗauke da laifina. Na yi shiru. Ku rubuta wannan a kaina, matan zaure. Na yi shiru har ruwan ya ƙare.

Ta ajiye kofin. "Malam Mikaila, a mayar da goron mota. Za mu koma mu yi shawara."

Abincin da na kwana biyu ina shiri, waakye da taliya da ƙwai da naman zabi, ko murfin ba a buɗe ba. Goro ya shigo gidanmu ya fita a ɗaure. Gidan da kakanninsa suka yi suna da goro tun daga nan har Kano. Maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Bayan sun tafi Alhaji ya hau faɗa, wai mutanen Bawku ba su da mutunci, a kan albasa za su wulaƙanta shi. Raihanatu ta cire hijabi ta tattara kwanukan da ba a ci komai a ciki ba ta hau wankewa. Na je na tsaya a kanta.

"Ke, kin ci abinci?"

"Na ƙoshi."

"Me ya sa kika ce ke ce?"

Ba ta ɗago ba. "In sun raina ni, ni kaɗai suka raina. In sun raina ki, ba ni da gidan da zan ce daga can na fito."

Wayarta tana kan turmi tana haske. Na ga sunan Zulkarnain, kira bayan kira. Saƙo ya shigo a rubuce, na karanta daga inda nake tsaye: "Raihana ki ɗauka don Allah. Ban yarda ke ce ba." Wani ya biyo: "Gwaggo ta ce a dakata da komai." Ta tsame hannu daga kumfa ta kife wayar.

Yau Lahadi. Shekara goma sha tara ban taɓa fasa hura wutar waakye ba sai ranar Juma'a da kwanakin takaba. Yau ban hura ba. Na yi sallar asuba, na sa hijabi, na shiga motar farko ta Bimbilla, daga can na kama ta Yendi. Ban faɗa wa kowa ba.

Na yi tambaya har na samu gidan. Zulkarnain na gani a ƙofa yana ɗaure kaya a bayan mota, za su wuce Bawku. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, amma bai ɗago ido ba. Ya kai ni ciki. Hajiya Zenabu na zaune a tabarma tana jan carbi, jakarta a ɗaure a gefe. Na cire takalmi na zube a gabanta. Ni da ban taɓa durƙusa wa mace sa'ata ba.

"Hajiya, ni na yanka. Yarinyar ba ta ma gida. Ban san na iri ba ne. Na ɗauka lalacewa ta yi, na ji tsoron ku ga..."

"Na sani."

Na ɗago.

"Tun a tsakar gidanki na sani. Yankan tsawo ɗaya, sara ɗaya, hannun mai sana'a. Wadda ta raini abu wata huɗu, ko haukacewa ta yi ba za ta yanka shi tsaf haka ba. Kin ɗauka ƙishirwa ce ta sa na daɗe a kan kofin nan? Lokaci nake ba ki."

Hawaye suka zubo, na share da hijabi.

"Albasar yayana ta tafi," ta ce. "Shekara talatin yana zaɓen ta, kai mafi ja, mafi tauri, wanda ke kai wata shida a ɗaki bai ruɓe ba. Ba a sayar da ita a kasuwa, ba kuma za a sake yin ta ba. Na yi kukana jiya, na gama. Kuskure ne, kowa na yi. Allah ya riga ya rubuta raguna ne za su ci. Amma ni ban mayar da goro don albasa ba."

"To don me, Hajiya?"

"Don na ga yarinya ta yi mini ƙarya ido da ido, uwarta na tsaye tana ji. Dattawan gidanmu biyu sun koma da labarin cewa amaryar malalaciya ce, ta kashe amanar mamaci don ta gaji da guga. Haka za su faɗa a Bawku. In na kai ta gidan nan da wannan sunan, duk macen gidan sai ta goranta mata, har 'ya'yanta. Ni kuma ba zan je in ce musu uwarta ta bi ni ɗaki ta faɗa mini a ɓoye ba. Cewa za su yi rufa mata kika zo yi."

"Me zan yi? Ki faɗa, zan yi."

"Inda aka yi ƙaryar nan za a warware ta. Mun fasa tafiya yau. Gobe bayan azahar zan dawo Salaga da Malam Mikaila da ɗan'uwansa. A tsakar gidan, a gaban Alhajinku, a gaban yarinyar, ki faɗi abin da kika faɗa mini, ki nemi gafararta. Ita, ba ni ba. In kin yi, a ranar za a kwance goro. In ba ki yi ba, jibi muna Bawku, kuma ba na dawowa."

Zulkarnain ya rako ni har tasha, yana riƙe da jakata. Da zan shiga mota ya ce mini:

"Mma, ta ƙi ɗaukar wayata. Ki ce mata ban ji haushin komai ba."

Na ce to. Ban faɗa masa cewa ni ma ban san yadda ake ce mata irin wannan maganar ba.

Ina zama a mota waya ta yi ƙara. Alhaji Hudu.

"Azara, kina ina? Direbobi sun zo har gida neman waakye."

Na faɗa masa inda nake, da abin da aka ce in yi.

"Ki durƙusa wa 'yar da kika haifa? 'Yar fari? A gaban baƙi, a tsakar gidan ubana? Sannan su tambaye ki wa ya sa ki, ki nuna ni da yatsa? To ki saurara da kyau. In kika buɗe baki gobe, ki tattara tukwanenki ki nemi wani gidan. Shekara tara ina riƙe da ke don darajar ƙanena. Miji kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya, ni zan nemo mata wani."

Ya kashe.

Na zauna ina kallon wayar. A gidan nan aka kawo ni amarya ina da shekara sha bakwai, a ɗakin nan na haife ta, a ɗakin nan mijina ya cika. Ba ni da wani wurin. Na buɗe lambarta na rubuta: "Ke, ina Yendi. Na faɗa wa Hajiya gaskiya." Na tura. Alamar nan biyu ta zama shuɗiya, ta karanta. A sama aka nuna tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta sake tsayawa. Har yanzu da nake rubuto muku wannan ba abin da ya shigo.

Ina kujerar baya, kusa da taga, wata mata ta ɗora mini kwandon kaji a ƙafa. Saura mutum biyu mota ta cika.